Takun Larai

A Cadawa, in kana so ka ga Ilyasu bakanike ya yar da sifana ya taso maka, to kira shi Ɗan Kunkuru. Mutum ne da furfura ta fara keto masa gemu, ga 'ya har ta isa aure, amma sunan nan na ci masa rai kamar ranar da aka fara laƙa masa shi a lakol, wato makarantar boko. Kuma duk motar ubansa ce ta ja masa.

Motar 'yar ƙarama ce, Fijo mai kujera biyu, ba rufi, irin wadda ko a Maraɗi ba ka ganin ta biyunta. Wani Bature mai awon gyaɗa ne ya bar wa Nomau ita lokacin da gyaɗa ta mutu, ya tattara ya koma ƙasarsu. Nomau shi ne uban Ilyasu, shi ne kuma bakaniken garin a wancan zamani. To, mutum ya sami mota irin wannan, me kake zaton zai yi da ita? Shi dai amare ya riƙa kaiwa. Ba ta fita sai ranar biki, kuma bayan la'asar, don ya ce ba ya tuƙa 'yar mutane cikin duhu. Amarya na kujerar gefensa, mata na biye da guɗa, a gabansu matarsa Larai, hannunta na hagu dafe da bayan motar. Ita ke ba da waƙa, saura su amsa. Shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana ƙarama a Gidan Sori, tana ɗingishi, amma in ta buɗe baki har bakin kasuwa ana jin ta.

Sai dai fa motar ba ta sauri. Kai, wane sauri, rarrafe take yi! Amalanken shanu ya sha wuce ta, mai shi yana ɗaga wa Nomau hannu yana tambaya ko a ɗaura masa igiya. In an yi masa tsiya sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Injin ne ba ƙarfi." Gari ya sa wa mota Kunkuru, shi ya zama Nomau Mai Kunkuru, ɗansa kuma ya gaji abin da ya rage.

Abin da ke ƙona wa Ilyasu rai tun yana yaro, uban nan nasa ba bakaniken banza ba ne. Manyan motocin dawa da suka gagari mutanen Gazawa, gabansa ake kawo su. A ce mai wannan hannu ya kasa gyara tasa? Kuma ga Innarsa Larai, baiwar Allah, da ciwon ƙafarta tana ta haƙuri da jan jikin mota. Haka ya ɗauki abin, haka kuma ya girma da shi.

Bayan rasuwar Nomau injin bai daɗe ba shi ma ya ce ga garinku nan. Aka tura Kunkuru ƙarƙashin rumfar gareji, kaji suka mayar da kujerunta wurin ƙwai. Amare suka koma shiga motocin haya masu ƙarar oda, a zuba a guje, kafin tsohuwa ta ɗaura ɗankwali an kai an dawo. Larai ta bar rakiya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai in ta ji guɗa daga nesa takan bar abin da take yi ta saurara.

Ana nan, samari 'yan kabu-kabu suka ƙirƙiro tsere a wani faƙo da ke gabas da gari, wajen hanyar Agiye, inda ko ciyawa ba ta fita. Bayan kaka, in an saki gonaki, sai su jera tsofaffin tayoyi su zana hanya mai lanƙwasa, su yi ta zagaye. Daga babura abin ya kai ga motoci, duk wata ƙwaraɓaɓɓiya da aka fidda rai da ita sai a tashe ta a kawo. Ubangidan wannan shiririta kuwa Labo ne, taubashin Ilyasu, ɗan ƙanen Larai, mai sayar da tayoyi a bakin titi. Labo baki gare shi kamar reza, kuma da yake taubashi ne ba dama a yi fushi da shi.

"Ɗan Kunkuru, ka kawo gadonka mana," in ji shi. "Mu sake ta yau, in Allah ya kai mu baɗi mu tarbe ta."

A shekarar nan ne aka sa ranar auren Rukaiya, 'yar Ilyasu ta fari, wadda ta gama karatun ungozoma a Maraɗi, da wani malamin lakol da suka daɗe suna son juna. Ran da aka kawo goro, Larai ta aika a kira mata ɗanta. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Kai yaro, ƙawata Rukaiya fa cikin motar ubanka za a kai ta," ta ce. "Ni zan raka ta da ƙafata. Wagga ita ce ta ƙarshe, na san abin da ƙafar ke gaya mini."

"Inna, motar da ta mutu?"

"Mi ne ne aikinka?"

Ya fito yana murmushi, don abin ya zo masa daidai. Zai tashi Kunkuru ya kai 'yarsa ranar Asabar, Lahadi kuma, da Labo ya sa babban tsere saboda baƙin biki, ya shiga faƙo ya wanke sunan gidansu a gaban kowa.

Tsohon injin ba ya tasuwa, cikinsa ya riga ya ci kansa. Sai ya ji labarin wata taksi da ta faɗi wajen Gidan Rumji, jiki ya tafi amma inji lafiya lau. Ya je ya kwanto shi har da akwatin bitesinsa, wanda mutanen Katsina ke ce wa giya, aka ɗoro masa bisa buhunan wake. Daga nan aiki ya tashi. Injin Japan a cikin motar Faransa, ai sai an yi sulhu. Ramukan kusoshi ba su haɗu ba, ya yanko ƙarfen sifirin ya ƙera sababbin mazaunai, ya sa musu robar taya don kada jijjiga ta tsaga jiki. Sandunan da ke juya ƙafafun gaba ɗaya ya yi tsawo ɗaya ya gaza, ya yanke ya haɗa da walda, ya kwance, ya sake. Ya ƙone a hannu, ya zagi Bature, ya zagi mutanen Japan, ya nemi gafarar Allah ya ci gaba.

Wajen sauke tsohon injin ne ya ga abin da ya sa shi riƙe baki. A jikin faifan inji, ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa tsakanin inji da bitesi, an liƙa wani ƙaton zobe da aka yanko daga gangar birkin babbar mota. Waldar kuwa ta Nomau ce, ko cikin barci Ilyasu ya san ɗinkin hannun ubansa. A ƙarƙashin totur kuma ga guntun icce an ɗaure da waya, yadda ko ka taka da ƙarfinka ba ya nutsewa. Fankar da ke sanyaya ruwa ma ba tata ba ce, ta wata babbar mota ce aka rage wa fukafukai.

"Baba, Allah ya jiƙanka da rahama," ya ce shi kaɗai, "amma wannan wane irin aiki ne? Ka ɗora wa jaki dutsen niƙa ka ce ba ya gudu!"

Ya sassare zoben ya wurga shi bayan rumfa, matarsa ta samu abin ɗaure akuya. Shi kuwa ya yi akasin duk abin da ya tarar. Ya kai faifan sabon injin Maraɗi aka fere masa shi ya yi sakayau, don inji ya riƙa zabura da an taɓa. Ya cire fanka, tunda mai gudu iska ke sanyaya shi. Ya kwance duk ƙarfen da bai zama dole ba, har kujerar amarya ya aje gefe sai ranar biki. Da ya zo fenti ne ya ɗan tsaya, don a bayan motar ta hagu akwai wani wuri da fenti ya goge tas, ƙarfen ya yi sulɓi yana ƙyalli, daidai faɗin tafin hannu. Ya zagaye wurin da buroshi ya bar shi, bai ma san dalili ba.

Ran da ya fita gwaji faƙo, rabin gari ya biyo shi don a sha dariya. Wallahi ba wanda ya yi ta. Mota ta yi wani kuka ta fizga, ta sha kwanar tayoyi tana watsa tsakuwa, kafin Labo ya rufe baki ta zagayo ta wuce shi. Iska ta ɗauke wa Ilyasu hula bai ko waiwaya ba. Daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla, mutum da girmansa. Da ya tsaya samari suka kewaye shi suna ihu, wani ya ce daga yau sunanta Barewa. Labo ya kawo masa hularsa da hannu biyu, ya ce, "Taubashi, na tuba."

Kwana kaɗan kafin biki, da hantsi, sai ga Larai a gareji da sandarta. Ta ce ta zo su gwada, don ta daɗe ba ta bi mota ba. Ta jingine sandar, ta zagaya baya, hannunta ya faɗa wurin nan mai sulɓi ba tare da ta duba ba.

"To, mu je," ta ce.

Ilyasu ya sa bitesi na farko, ya saki ƙafa a hankali iya hankalinsa. Mota ta yi tsalle ta mutu. Ya sake tayarwa, ya ɗan ƙara mata wuta don kada ta mutu, sai ta fizge daga ƙarƙashin hannun tsohuwa. Ya ji wani ɗan sauti a baya, ya waiwaya, ga Inna durƙushe a ƙasa bisa gwiwa ɗaya, ɗankwalinta ya zame. Ya diro ya ɗaga ta. Ita kuwa ta kakkaɓe zanenta ta ce a sake. Suka sake. Ya riƙe motar da rabin ƙafa, tana kuka tana shaƙewa, ƙaurin ƙonewa ya tashi, ba su kai bakin titi ba ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe gaban mota.

Larai ta tsaya tana haki. Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta miƙa hannu a ba ta sandarta.

"Ba komai," ta ce. "Wagga ta samari ce. Ku kai amarya, ni in yi guɗata daga ƙofar gida."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya ce bari ya raka ta, ta yi gaba yana biye. Layin shiru, ba ka jin komai sai takalmanta: ɗaya ya taka, ɗaya ya ja ƙasa, ya taka, ya ja. Tun yana goye yake jin wannan taku, bai taɓa saurarensa ba sai yau. Kafin su kai kwanar masallaci ya gane inda ya san shi. Haka tsohon injin ke bugawa in an bar shi a hankali, dum, ya ɗan numfasa, dum.

Ya koma gareji ya kwance akuya, ya ɗauko zoben ya aje a gabansa, ya zauna a ƙasa. Ai ya san aikin ƙarfe irin wannan, ko yaron da ya shekara ɗaya a gareji ya sani. Faifai mai nauyi shi ke hana inji mutuwa in an rage masa wuta ƙwarai, ya yi ta juyawa a natse ba fizga. Babbar fanka kuma don motar da ba ta samun iskar gudu ce. Duk ya sani, tambaya ce bai taɓa yi ba. Sai ga ubansa ya faɗo masa a rai, safiyar kowane biki, sunkuye a kan inji da sukudireba a hannu, amma idonsa na tsakar gida, inda Inna ke kai da kawowa tsakanin randa da murhu. Ya juya kusa kaɗan, ya dubi ƙafarta, ya ƙara juyawa. Kuma kowace shekara Kunkuru ƙara nawa take, gari na cewa inji na tsufa.

Ashe ba Inna ke haƙuri da mota ba. Mutumin nan ya zaɓi a yi masa dariya shekara da shekaru, da shi da ɗansa, don kada bakin wani ya kuskura ya ce ana jan ƙafa a rakiyar amarya saboda gurguwa. Ilyasu ya ji kunya, ya ji tausayi, ya kuma ji haushi, don me ba a gaya masa ba? Amma da ya tuna bakinsa yana yaro, ya san da an gaya masa da safe, kafin azahar duk lakol ta ji.

Mayar da zoben ba wuya, aikin kwana biyu ne. Inda gizo ke saƙar, gari ya riga ya ga motar tana tashi sama. In ranar Asabar ta yi rarrafe, Lahadi kuma ta yi gudu, ko makaho ya san don wa aka yi rarrafen. Ya juya abin ta kowace fuska yana neman kafa, bai samu ba. Ya so faƙon nan, Allah ya sani ya so shi.

Washegari Labo ya tarar da inji rataye a sarƙa.

"Subhanallahi! Me ya faru?"

"Injin ya sare," in ji Ilyasu, bai ɗago ba. "Gudun rannan ne ya cinye shi. Dama na taksi ne, ya sha wuya."

"Kai haba! Injin da na ji da kunnena? To Lahadi fa? Na gaya wa mutanen Gazawa, na gaya wa na Agiye!"

"Sai ka sake gaya musu. In ta kai amarya ma mun gode Allah."

Labo ya dafe kai, ya zagaya motar, sannan dariya ta ƙwace masa har yana riƙe ciki. Ya ce dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to kunkuru ma ba ya rarrafe ɗansa ya yi gudu. Kafin la'asar maganar ta gama kasuwa. Ilyasu ya haɗiye, ya kai faifai da zobe Maraɗi aka haɗa aka daidaita, ya mayar da fanka, ya mayar da kujerar amarya. Guntun iccen ma ya nemo shi cikin shara ya ɗaure a mazauninsa. Safiyar biki ya tura motar ƙofar gida ya buɗe inji, ya sunkuya da sukudireba. Ta zauren yana hango Inna tana zagaya tukwanen mata tana ba da umarni. Ta fi yadda ya zata nawa. Ya juya kusar, inji ya yi kamar zai mutu, zoben Nomau ya ɗauke shi ya wuce.

Bayan la'asar aka fito da Rukaiya lulluɓe, tana kukan da amare ke yi, aka zaunar da ita gefen ubanta. Ba a saba uba ya kai 'yarsa ba, amma wa zai tuƙa Kunkuru in ba shi ba? Larai na zaune bakin ƙofa a kan tabarma, ta ci ado, ta riga ta sallama.

"Inna, taso mana," ya ce. "Motar ta lalace, ba ta iya sauri. Ko za ki taimaka ki dafa mana ita?"

Ta dube shi, ta dubi motar. Mata biyu suka ɗaga ta. Ta ba wata sandarta, ta ɗora hannu a wurinsa, ya saki ƙafa, mota ta motsa kamar an zuba mai a faranti. Takalminta ɗaya ya taka, ɗaya ya ja. Motar ba ta tsere mata ba, ba ta kuma tsaya jiranta ba. Suka yi 'yan taku a haka, sai muryar nan ta tashi, ta tsufa, tana rawa, amma ita ce:

"Tafi sannu, 'yar gidanmu,
Ɗakinki ba ya tashi."

Mata suka amsa, guɗa ta kaure, tsofaffi suka firfito ƙofar gida suna share ido, da yawansu a kujerar nan aka kai su. A bakin titi ga Labo da samarinsa bisa tarin tayoyi.

"Ɗan Kunkuru! A kawo igiya?"

Ilyasu ya waiwaya ya dube su. Ya riƙe sitiyari da kyau, ya ɗaga kafaɗa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Injin ne ba ƙarfi!" Aka bushe da dariya. Rukaiya ma ya ji tana ƙyalƙyalawa cikin mayafi, kuka ya gauraye da dariya.

Rana ta yi ja kafin su isa gidan ango a ƙarshen gari. Mata suka shige da amarya, aka bar shi a waje da motar tana bugawa a hankali. Larai ba ta shiga ba tukuna. Ta biyo jikin motar da dafe-dafe har ta zo daidai ƙofarsa, zufa ta jiƙa mata fuska, numfashinta na fita da ƙyar.

"Sannu, Inna. Ki yi haƙuri da motar, injin ne."

"Na ji," ta ce. Ta sa gefen mayafinta ta goge masa baƙin mai da ke goshinsa, abin da ba ta taɓa yi masa a gaban mutane ba. "Haka ubanka ke cewa. Ni kuwa har ya koma ga Allah ban taɓa ƙaryata shi ba."

Ta karɓi sandarta ta shiga wajen jikarta. Ilyasu ya zauna bai kashe injin ba, har aka kira magariba.